Bayani a Kan Sallamar Ma'aikata a Kamfanonin Kwamfuta na Amurka da Cikar Kantunan Araha

  

A wannan fitowa ina so in yi bayani a kan wata kasuwa da ba a auna kayanta da tiya, ba a kuma ɗaure shi a buhu. Dalilin zancen shi ne, kwanan baya muna zaune a rumfa bayan la'asar, ciniki ya lafa, sai wani dillali ya ce ɗansa da ya kashe wa kuɗi ya karanta kwamfuta ya gaya masa can Amurka ma manyan kamfanonin wannan sana'a suna sallamar ma'aikata dubu-dubu. Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, kamfanin da aka ce ya fi wasu ƙasashe kuɗi, me zai sa ya kori yaransa? Wani kuma ya ce ai ya ji masu babban albashi a can har sun koma sayayya a kantin talakawa. Aka yi ta musu har aka kira magariba. Na yi alkawari zan bi maganar daki-daki in kawo ta nan.

To, da na bi ta, sai na ga tambaya guda ce take buɗe duka, kuma tambaya ce da kowane ɗan kasuwa ya sani: wa yake biya? Babban albashi akwai mai biyansa, ragin da aka yi wa mai saye shi ma akwai mai biyansa. Ran da mai biyan ya janye hannu, ran nan ake ganin gaskiyar ciniki.

Fasali na ɗaya: Me waɗannan kamfanoni suke sayarwa?

Facebook da WhatsApp da Instagram duk na kamfani ɗaya ne mai suna Meta. Google da YouTube kuma na Alphabet ne. Waɗannan biyu ba sa karɓar ko sisi wurin yawancin masu shiga. Misalinsu kamar mai fili ne da ya kafa kasuwa ya ce kowa ya shigo kyauta, amma duk mai son a yi shelar hajarsa a gaban taron sai ya biya. Wato abincinsu talla ne. In 'yan kasuwa suka rage talla, sai tukunyarsu ta yi sanyi.

Amazon kuwa babban kanti ne na intanet, yana da sito-sito da motocin kai kaya har ƙofar gida, yana kuma ba wasu kamfanoni hayar manyan kwamfutoci. Microsoft yana sayar da manhajar da ake aikin ofis da ita, shi ma yana ba da irin waccan haya.

Jarin irin waɗannan kamfanoni ba na mutum ɗaya ba ne. An yanka shi gunduwa-gunduwa ana sayarwa, shi ake kira hannun jari. Mai sayen hannun jari yana sayen ribar gobe ce da kuɗin yau, kamar wanda ya sayi gero tun yana tsaye a gona. In ya ga alamar damina za ta yi kyau, sai ya taya da tsada. In ya ga alamar fari, sai ya nemi mai karɓa ko da faɗuwa. Ku riƙe wannan, domin gaba zai yi mana amfani.

Fasali na biyu: Shekarun da kuɗi ya yi araha

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka kulle mutane a gida. Don kada kasuwa ta mutu, babban bankin Amurka ya saukar da kuɗin ruwa har kusan sifiri. Mu dai mun san hukuncin kuɗin ruwa a wurinmu, ba shi nake tattaunawa ba, ina faɗin yadda kasuwarsu take tafiya ne. Gwamnatinsu kuma ta raba wa jama'a kuɗi har sau uku: dala 1,200, sannan dala 600, sannan dala 1,400 ga kowane mutum da ya cancanta.

Kun ga an haɗa abu biyu. Mutane suna gida da kuɗi a hannu, ba wurin kashewa sai ta waya da kwamfuta. Masu jari kuma ajiya a banki ba ta ba su komai, sai suka tura kuɗin cikin hannun jarin kamfanonin kwamfuta. Ciniki ya buɗe, jari ya yi yawa, sai aka shiga ɗiban ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Amazon yana da ma'aikata 798,000 a ƙarshen 2019, kafin ƙarshen 2021 sun haura miliyan 1 da dubu 600. Meta yana da wajen 45,000 a ƙarshen 2019, ya kai 87,000 a Satumba 2022. Alphabet ya tashi daga wajen 119,000 zuwa 190,000 cikin shekara uku. Kowa yana ƙara albashi don kada maƙwabci ya ƙwace masa gwani.

Wannan kuskure mun san shi. Mai shago ne ya ga cinkoson jajiberin salla, ya ɗauka haka za a dawwama, ya kama sito uku, ya ɗauki yara goma. Ni kaina wata shekara na ga masara tana hawa kullum, na karɓi kuɗin mutane na cika sito, na ƙara 'yan dako da mai gadi. Da sabuwa ta shigo farashi ya karye, haya da kuɗin yara kuwa ba su karye ba. Shekara biyu ina biyan wannan ganganci. Abin da ya same ni a buhu ɗari-ɗari, shi ya sami waɗancan a biliyan-biliyan.

Fasali na uku: Juyawar kasuwa

An buɗe gari, mutane sun koma kantunan unguwa, cinikin intanet ya daina gudun da yake yi. Ga kuɗi da yawa a hannu, ga kaya sun maƙale a tashoshin jiragen ruwa, sai tsada ta kunno kai. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairu 2022 ya ƙara wa alkama da mai da taki wuta, wannan kam mu masu hatsi mun ji shi a jikinmu. A watan Yuni 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari, rabon da a ga irinta wajen shekara 40.

Maganin da babban bankinsu ya sani shi ne tsauwala kuɗin ruwa. Ya fara a Maris 2022, bai tsaya ba sai da ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.5 a Yuli 2023. Sai a Satumba 2024 ya fara sassautawa. To, mai jari ya duba ya ga in ya ranta wa gwamnati zai sami wajen kashi 5 yana kwance a ɗakinsa. Me zai sa ya jira ribar da aka ce sai bayan shekara goma? Sai ya ce wa kamfanoni: riba nake so yanzu, ko in sayar da hannuna. A 2022 kasuwar hannun jari ta Nasdaq, inda yawancin kamfanonin kwamfuta suke, ta zube da wajen kashi ɗaya cikin uku. Hannun jarin Meta ya zube da kusan kashi biyu cikin uku.

A irin wannan sana'a babban abin kashewa shi ne albashi, saboda haka nan wuƙa ta fara sauka. Ga lissafin manya daga ciki:

Twitter, Nuwamba 2022: Elon Musk ya saye shi a kan dala biliyan 44 a Oktoba, cikin 'yan kwanaki ya sallami wajen rabin ma'aikata 7,500.

Meta, Nuwamba 2022: mutum 11,000, wato kashi 13 cikin ɗari. A Maris 2023 aka ƙara 10,000. Shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, da kansa ya amsa cewa ya zaci cinikin zamanin kulle zai ɗore, kuma lissafinsa bai yi daidai ba.

Amazon: 18,000 a Janairu 2023, da ƙarin 9,000 a Maris, jimla 27,000.

Microsoft, Janairu 2023: mutum 10,000.

Alphabet, Janairu 2023: mutum 12,000.

Intel mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, Agusta 2024: wajen 15,000.

Yanzu ga amsar tambayar dillali. Yawancin waɗannan ba karyewa suka yi ba. A shekarar 2022 Alphabet ya ci ribar kusan dala biliyan 60, Meta ya ci biliyan 23. Amazon ne ya rufe shekarar da faɗuwar biliyan 2.7. Sun sallami mutane ne don su nuna wa masu jari cewa sun iya tsimi. Kuma masu jarin sun saka musu: a 2023 ribar Meta ta haura zuwa biliyan 39, hannun jarinsa ya kusa ninkawa uku. Ma'aikaci ya ɗauka gwanintarsa ce take riƙe da kujerarsa, ashe arahar kuɗi ce take riƙe da ita.

Fasali na huɗu: Halin da ma'aikaci ya shiga

Kada a ce an kore su hannu rabbana. Meta ya ba kowa albashin mako 16, da ƙarin mako biyu a kan kowace shekarar da ya yi aiki. Amma akwai abubuwa da suka sa rasa aiki a can yake da ɗaci. Yawancin ma'aikata a Amurka kuɗin asibitinsu da na iyalinsu a jingine yake da wurin aiki, in aikin ya tafi sai mutum ya nemi yadda zai yi. Wani sashe na ladan waɗannan ma'aikata kuma hannun jari ake ba su maimakon tsaba, to ga shi ya zube a daidai lokacin da ake bukatarsa. Gida da mota kuwa na bashi ne, wata-wata ake biya.

Wanda ya fi shiga uku shi ne baƙo. Dubban ma'aikatan nan 'yan Indiya ne da Sin da wasu ƙasashe, suna zaune da takardar izinin aiki mai suna H-1B. Dokarta ita ce, in aka sallame ka kana da kwana 60 ka sami wani ubangidan, in ba haka ba ka tattara ka bar ƙasar, ko da 'ya'yanka suna tsakiyar karatu. Wasu da asuba suka ga saƙon sallama a waya, wasu ma sai da suka ga kwamfutar aiki ta ƙi buɗewa sannan suka gane.

Sai dai a faɗi gaskiya, in aka auna da yawan ma'aikatan Amurka, waɗanda aka sallama kaɗan ne. A farkon 2023 marasa aiki a ƙasar wajen kashi 3 da rabi ne cikin ɗari, wanda yana cikin mafi ƙanƙanta a shekara 50. Amma tsoro ya fi kora yaɗuwa. In aka sallami mutum ɗaya a ofis, tara da suka rage kowa zai koma gida ya zauna da matarsa su sake lissafin cefane. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa za ka yi.

Fasali na biyar: Yadda kantunan araha suka cika

Tsada ta haɗu da fargaba, sai sayayya ta sauya kama. Mutum ba ya daina cin abinci don yana tsoron gobe, sauka yake yi mataki ɗaya. Mu ma muna gani: mai sayen buhu ya koma rabi, mai rabi ya koma tiya, mai shinkafa 'yar waje ya koma 'yar gida.

Walmart shi ne kanti mafi girma a Amurka, kuma da araha aka san shi. A Agusta 2022 shugabanninsa suka ce wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarin kasuwar abinci da suka samu ya fito ne daga gidajen da suke samun fiye da dala 100,000 a shekara. Wato maganar da aka yi a rumfa gaskiya ce, masu hali sun sauko. Amma babban abin da ya sauko da su tsadar abinci ce, fargabar aiki ƙari ce a kai.

Aldi kanti ne na Jamus da ya yi rassa a Amurka. A Maris 2024 ya ce zai ƙara rassa 800 kafin ƙarshen 2028. Dollar General, mai ƙananan shaguna a ƙauyuka da unguwannin talakawa, ya kai rassa 20,000 a 2024. Temu kuma, kantin waya na wani kamfanin Sin mai suna PDD, ya shiga Amurka a Satumba 2022, ana tsakiyar tsadar nan, yana sayar da tarkace a farashin da ya ba kowa mamaki. Har Amazon sai da ya buɗe wani sashe mai suna Haul a Nuwamba 2024, na kayan da ba su wuce dala 20 ba, don kada a janye masa masu saye.

Fasali na shida: Araha ba iri ɗaya ba ce

Nan ne nake so dillalai su buɗe kunne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk inda ka ga ragi, tambayi wanda ya biya shi.

Akwai arahar tsimi. Ita ce ta Aldi. Kayan da yake ajiyewa ba su kai iri 2,000 ba, alhali babban kanti yakan ajiye iri 30,000 ko fiye. Kaya kaɗan yake saye amma da yawa, sai ya samu sari mai sauƙi. A cikin katan ɗinsu ake jera su a kanta. Keken zuba kaya ma sai ka sa kwabo ka cire shi, in ka mayar a ba ka kwabonka, don kada a ɗauki yaron tattara kekuna. Wannan ragi tsarin shagon ne ya biya shi, saboda haka yana ɗorewa.

Akwai arahar kiran kasuwa. Kantin Costco ya daɗe yana sayar da gasasshiyar kaza a kan dala 4.99, tsada ta zo bai ƙara ba. Amma ba ka sayayya a wurinsa sai ka biya kuɗin rajista na shekara, kuma wanda ya zo don kaza ba ya fita da kaza kaɗai. Irin gyaran da mai awo yake yi ne, ya ƙara maka ɗan hannu don gobe ka dawo.

Akwai arahar kwantai. A Yuni 2022 kantin Target ya fito ya ce ya tara kaya fiye da kima, irin na zaman gida da aka yi rububinsu lokacin kulle, kuma zai karya farashi ya rabu da su. Mai kaya ne ya biya wannan daga uwar kuɗinsa. In sito ya yi fili, ragin ya ƙare.

Akwai kuma arahar kuɗin wani, ita ce mai haɗari. Kamfani ya karɓi jarin mutane yana sayarwa ƙasa da yadda ya saya, don ya tara jama'a ya kashe abokan gasa, ribar sai daga baya. Uber mai haɗa fasinja da direba ta waya an kafa shi a 2009, amma sai a 2023 ya fara rufe shekara da riba daga ainihin aikinsa. Shekarun da ke tsakani masu jari ne suke cika wa fasinja kuɗin mota. Wani lokaci kuma gibin doka ne yake biya. A da, ƙunshin da bai wuce dala 800 ba yana shiga Amurka ba kuɗin kwastan, Temu da Shein suka riƙa aiko da kaya ƙulli-ƙulli daga Sin kai tsaye zuwa gidan mai saye. A ranar 2 ga Mayu 2025 aka toshe wannan ƙofa ga kayan Sin, a ƙarshen Agusta aka toshe ta ga sauran ƙasashe. Tun kafin ranar ta zo kamfanonin biyu suka sanar da ƙarin farashi. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Kada kuma a zaci duk mai sayar da araha yana cin kasuwa a lokacin tsada. Dollar Tree ya yi fiye da shekara 30 yana sayar da komai a dala 1, a ƙarshen 2021 dole ta sa ya koma dala 1.25. A Maris 2024 ya ce zai rufe shaguna wajen 1,000, yawancinsu na reshensa Family Dollar. Wata guda bayan haka 99 Cents Only ya sanar zai rufe dukkan shagunansa 371. Wanda ribarsa siririya ce, ƙarin haya da dako kaɗan ya isa ya tsinke ta.

Wani abin lura shi ne, masu arahar nan sun taimaka wa kamfanonin talla suka farfaɗo. Meta ya bayyana cewa a 2023 kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo masa daga masu talla na ƙasar Sin ne. Ma'aikacin da aka sallama yana neman araha a waya, mai arahar yana biyan talla ga kamfanin da ya sallame shi. Haka kasuwa take juyawa.

Fasali na bakwai: Inda abin ya taɓo nahiyarmu

Twitter ya buɗe ofishinsa na Afirka a Akara ta ƙasar Gana. A Nuwamba 2022, ma'aikatan ba su fi 'yan kwanaki da shiga ofishin ba, aka sallami kusan dukkansu. Jumia, kantin intanet da aka kafa a Legas a 2012, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, kuma har ƙarshen 2024 bai taɓa rufe shekara da riba ba. Da jari ya yi tsada, sai aka sauya shugabanninsa a Nuwamba 2022, aka rage wajen mutum 900, a Disamba 2023 kuma aka rufe sashen kai dafaffen abinci a Nijeriya da wasu ƙasashe. Temu ya shigo Nijeriya a ƙarshen 2024, masu sayar da kayan sawa da na waya sun san da zuwansa. Kun ga hukuncin da aka yanke a babban bankin Amurka ya iso har kan ɗan acaɓan da yake kai saƙo a Legas.

Fasali na takwas: Sallama ta biyu

A ƙarshen Nuwamba 2022 aka fito da ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta amsa kamar mutum, irin abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Daga nan masu jari suka sami sabuwar gonar da za su taya. Nvidia mai ƙera ƙwaƙwalwar da wannan aiki yake bukata, darajarsa ta kai dala tiriliyan 4 a Yuli 2025. Microsoft ya ce zai kashe wajen dala biliyan 80 cikin shekara guda wajen gina ɗakunan manyan kwamfutoci. A cikin 2025 ɗin kuma ya sallami wajen 6,000 a Mayu, da wajen 9,000 a Yuli. Amazon ya sanar da rage 14,000 na ma'aikatan ofis a Oktoba 2025.

Sallamar farko ta rashin arahar kuɗi ce. Ta biyu kuwa kuɗin yana nan, an karkatar da shi ne daga albashi zuwa inji da gini da wutar lantarki. Tsofaffin wannan kasuwa suna tuna shekarar 2000, lokacin da aka yi rububin kamfanonin intanet na farko: daga Maris 2000 zuwa Oktoba 2002 Nasdaq ta zube da kusan kashi 78 cikin ɗari, kamfanoni da yawa suka mutu, amma Amazon ya tsira, intanet kuma ta zauna daram. Sana'a tana iya zama ta gaskiya, farashin da aka taya ta ya zama na ƙarya.

Fasali na tara: Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka

Na farko, in ciniki ya buɗe maka ba zato, tambayi dalilinsa kafin ka ƙara sito da yara. In dalilin mai wucewa ne, ɗauki ɗan dako na yini, kada ka ɗaura wa kanka nauyin shekara. Yaron da ka ɗauka da gaggawa, da kunya za ka sallame shi, kuma iyalinsa suna cikin lissafin.

Na biyu, in wani ya zo yana sayarwa ƙasa da sari, kada ka bi shi rami. Bincika ka gani. In tsimi ne, koyi tsiminsa: rage irin kayan da ba sa tafiya, gyara ajiya don kada ƙwari su ci ribarka, haɗa kai da 'yan'uwa ku yi sari da dako tare. In kuwa kuɗin wani yake ƙonawa, riƙe farashinka da amanarka ka jira, wutar kara ce.

Na uku, lura da mai albashi. Muna ba shi bashi da sakin jiki don mun san ƙarshen wata yana zuwa. To, takardar ɗaukar aiki ba gona ba ce. Ba shi daidai abin da in ya makara ba zai karya ka ba, kuma a rubuta. In ka ga ya sauko daga buhu zuwa tiya, auna masa da fara'a, kada ka tambaye shi dalili a gaban mutane. Wanda ka rufa wa asiri a tiya, wurinka zai dawo ran da ya koma buhu.

Na huɗu, ga dillalai: la'adarku tana bin yawan juyawar kaya ne. A lokacin matsi kayan talaka ne yake gudu, saboda haka ku san inda matsakaicin kaya mai tsabta yake, ku kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin buhu. Araha ba ta ado, amma algus ya fi ta muni.

Shi kuwa abokina dillali, ga abin da na ce masa game da ɗansa. Kada ya yi da-na-sanin kuɗin makaranta, ilimin yana da amfani kuma duniya ba za ta koma baya ta bar kwamfuta ba. Amma ya riƙa jawo yaron rumfa ran Asabar, ya koyi awo da taya da sallamawa, ya san yadda ake gane gero mai ƙwari, shi kuma ya gyara wa uban littafin bashi a waya. In kujera ta samu, madalla. In wata rana aka janye ta, ya tarar da tabarmarsa a shimfiɗe.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya rufa mana asiri, ya tsare mu da bashin da ba mu iya biya.